Juyen Baƙin Man Babur a Gida: Jagora ga Manoma da Malaman Gona

Gabatarwa

A ƙauyukanmu na yau babur ya karɓi aikin da jaki da keke suka daɗe suna yi. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhun masara zuwa kasuwa, shi ne kuma ake tayarwa cikin dare idan rashin lafiya ta taso. Ga malamin gona kuwa, tun daga lokacin da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa aikin gona na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, babur ne ƙafarsa. Duk ranar da ya kwanta, ziyarar manoma ta kwanta ke nan.

Abin da ya fi kashe injin babur a karkara ba tsufa ba ne, baƙin mai ne da ya daɗe a ciki. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin baƙin mai ya hau, mutane da yawa kuma sun koma jinkirta juye, suna ƙara ɗan ciko idan ya ragu. Wannan tsimi ne da ke ƙarewa a gaban bakanike, domin kuɗin ringi da fistin da aikin buɗe inji ya ninka kuɗin litar mai sau da yawa. Juye aiki ne da mai babur zai iya yi da kansa a ƙofar gida cikin rabin awa, in dai ya kiyaye wasu ƙananan abubuwa da za a bayyana a nan.

Me ya sa ciko ba ya maye gurbin juye

Baƙin mai yana shiga tsakanin ƙarafan da ke gogar juna don kada su ci juna. Yana kwashe zafi daga fistin da kan inji, yana toshe 'yar tazarar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, sannan yana wanke datti ya riƙe shi a jikinsa. A mota, man inji daban, man giya daban. A ƙaramin babur kuwa mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya, kuma duka-duka bai wuce lita ɗaya ba. Haƙoran giya suna niƙa shi, farantan kuloci suna zuba masa garinsu, ga shi injin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Babur ɗin da ya ɗauki buhu biyu yana tafiya a giya ta ɗaya cikin yashi da tsakar rana ba ya samun iskar da za ta ishe shi, saboda haka mansa yana dahuwa fiye da na babur ɗin birni.

Akwai wani abu kuma da masu babur da dama ba su sani ba. Yawancin ƙananan baburan da ke hannun manoma, masu ƙarfin cc 100 zuwa 125, ba su da matacin mai na takarda irin na mota. Abin da suke da shi 'yar raga ce ta ƙarfe mai tare manyan tarkace, sai wani ɗan kasko a cikin inji da ke juyawa yana watsa datti ya manne a bangonsa. Ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa matacin iska, da baƙin hayaƙi, da garin ƙarfe mai laushi, galibinsu suna nan suna yawo a cikin man. Ba su da wata ƙofar fita sai notin da ke ƙarƙashin inji. Wanda ke ƙara ciko kawai tamkar mai ƙara ruwa mai kyau ne a randar da laka ta kwanta a gindinta: ruwan ya ƙaru, lakar tana nan.

Yaushe ya kamata a yi juye

Littafin da ke zuwa tare da sabon babur shi ne ja-gaba. Yawancin littattafan suna cewa a yi juye na farko tsakanin kilomita 500 da 1,000, domin sabon inji yana zubar da garin ƙarfe mai yawa kafin kayansa su zauna. Bayan nan tazarar da suke bayarwa takan kama daga kilomita 3,000 zuwa 5,000, tare da gargaɗin a rage ta idan ana tafiya cikin ƙura ko da kaya masu nauyi. Babur ɗin gona kullum cikin wannan hali yake. Shawararmu ita ce kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000, kuma ko bai yi tafiyar ba, kada mai ya haura wata shida a ciki.

To, idan mita ta mutu fa, kamar yadda take a yawancin baburan ƙauye? Sai a koma lissafin kwanaki. Malamin gona da ke yin kimanin kilomita 40 a rana, kwana biyar a mako, yana cin kilomita 200 a mako, wato zai cika 2,000 cikin mako goma. Manomin da ke haɗa noma da acaba ranakun kasuwa zai cika su cikin ƙasa da haka. Kowa ya lissafa nasa, ya rubuta ranar juye a bangon ɗaki ko a cikin murfin akwatin sufanu. Duba launin mai kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai mai kyau yana saurin yin baƙi, alamar yana wanke injin ne.

Lokaci guda ne ba a jiran lissafi: idan babur ya nutse a rafi ko kududdufi da damina har ruwa ya kai ga inji. A duba man nan take. In ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai a juye shi a ranar.

Zaɓen mai

A fara da sanin irin injin. Bajaj Boxer da TVS da Honda CG 125 da Ace da baburan da ake kira roba-roba duk masu bugu huɗu ne, man da ya dace da su shi ne wanda aka rubuta 4T a jikin robarsa. Tsofaffin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare su masu bugu biyu ne: suna da ɗan tanki dabam na man 2T wanda ke ƙonewa tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi. Shi 2T ba a juye shi, ƙara shi ake yi, amma akwatin giyarsu yana da nasa man wanda ake juyewa kamar yadda za a bayyana a ƙasa. Kada a taɓa zuba 2T a injin mai bugu huɗu.

Lambobin da ke jikin roba, kamar SAE 20W-50, bayanin kauri ne. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta bayanta kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Baburan Indiya da na Sin galibi ana rubuta musu 20W-50 ko 20W-40 ko 15W-40, sababbin baburan Honda kuwa 10W-30. A bi abin da littafi ya ce. Akwai al'adar murza mai tsakanin yatsa da babban yatsa, a ce wanda ya fi kauri ya fi kyau. Ba haka ba ne. Da safiyar hunturu mai kauri yana jinkirin hawa zuwa kan inji inda bawul suke, kuma a waɗannan daƙiƙoƙi na farko ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Sai a nemi rubutun JASO MA ko MA2. Wannan ma'auni ne da masana'antun motoci na Japan suka fitar a 1998 musamman domin babura, aka ƙara rukunin MA2 a 2006. Dalilinsa shi ne kulocin babur a cikin mai yake wanka, alhali wasu mayukan mota ana zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur. Idan irin wannan ya shiga babur, kuloci yakan fara zamewa: inji na ihu, babur ba ya ja, musamman a hawa da kaya. Wanda aka rubuta MB na baburan da ba a sa musu giya da ƙafa ne, bai dace da babur ɗin gona ba.

Game da man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Wani ɗanyen mai ne da ba a haɗa shi da sinadaran kariya ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. A sayi roba mai lita ɗaya wadda hatimin bakinta bai fashe ba, a gidan mai ko wurin dila sananne, a duba alamar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON. Bayan an juye, a huda robar ko a yanke ta, domin da irin waɗannan robobi ne masu jabu ke sake cikawa.

Kayan aiki

Ba su da yawa: sufana mai zobe daidai da kan notin (a babura da yawa mai lamba 17 ce), tsohon kwano mai faɗi da zai ɗauki lita biyu, mazurari, tsumma mai tsabta, sabuwar washa ta noti, da jarka mai murfi don tara tsohon mai. A guji sufana mai buɗaɗɗen baki da filaya, domin su ke cinye kusurwoyin noti har ya zama ba ya kamuwa. Kwanon da aka yi wannan aiki da shi kada ya koma madafi ko wurin shayar da kaji.

Yadda ake juyewa

A tayar da inji ya yi aiki minti uku zuwa biyar, sannan a kashe. Mai mai ɗumi ya fi gudu, kuma dattin da ya kwanta ya tashi ya gauraya da shi, sai su fita tare. Idan daga doguwar tafiya aka dawo, a bari ya huce kamar minti goma sha biyar, domin mai da salansa duk suna ƙuna. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, nesa da rijiya da wuta, a shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashi.

Kafin a buɗe komai, a goge kewayen murfin zuba mai da kewayen notin ƙasa sosai. Yashin da ya taru a bakin murfi, da zarar an buɗe, cikin inji zai faɗa. Daga nan a cire murfin don iska ta samu shiga, a tura kwano, a kwance noti.

A nan ne ake yin kuskure guda biyu. Na farko, da yake notin yana kallon ƙasa, mutum yakan rikice ya riƙa ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. A tuna cewa idan aka kalli kan notin daga ƙasa, yana kwancewa ne akasin tafiyar hannun agogo. Na biyu ya shafi roba-roba: akwai noti biyu a ƙasan injinsu. Babban, wanda ke kallon ƙasa sak, shi ne na mai. Ƙaramin da ke gefen hagu a karkace, mai lamba 14, yana riƙe da sifirin ɗin da ke ɗame sarƙar cikin inji, ba a taɓa shi. A Honda CG 125 da masu kwaikwayonsa kuma, akwai babban murfi mai lamba 24 a ƙasan inji ta hagu, bayansa akwai sifirin da 'yar ragar tace mai. A lura da yadda suka fito domin a mayar da su haka.

Idan noti ya saki, a ƙarasa da hannu, ana ɗan danna shi sama har haƙori na ƙarshe, sannan a janye da sauri. A bar man ya tsiyaye minti biyar zuwa goma. Da makulli a kashe, ana iya taka kik a hankali sau uku ko huɗu, a kuma ɗan karkata babur dama da hagu don ragowar ta fito. Kada a tayar da inji babu mai a ciki ko da na daƙiƙa kaɗan ne. Haka nan al'adar ɗauraye cikin inji da fetur ko kananzir ba ta da kyau: ragowarsu tana tsinka sabon mai, tana kuma wanke boris ta bar shi a bushe. Idan man da ya fito ya yi muni ƙwarai, maganinsa shi ne a matso da juye na gaba kusa. Ita ragar tace mai, wadda aka ciro waje, ita ce ake wankewa da kananzir, a shanya ta, a duba ko ta yage. Idan babur ɗin na da matacin takarda, kamar wasu samfurori na baya-bayan nan, shi sauyawa ake yi, ba wankewa ba.

Abin da tsohon mai ke faɗa

Kafin a kawar da kwanon, a kai shi cikin rana a duba. Wannan dubawa ce da bakanike mai sauri ba kasafai yake yi wa mutum ba, kuma ita ce babbar ribar yin juye da hannunka. Ɗan ƙyalli mai laushi ba abin damuwa ba ne, musamman a sabon inji. Amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa, ko gutsattsari a jikin raga, alama ce wani abu na cinyewa, sai a kai wa bakanike tun kafin inji ya buga. Idan man ya tsinke yana warin fetur, kafireta na zubar da fetur cikin inji. A gyara ta, a kuma riƙa rufe makunnin fetur idan an ajiye babur. Idan lita ɗaya aka zuba amma rabi ya fito, ko dai akwai yoyo, ko injin na shan mai, wanda shuɗin hayaƙi daga salansa zai tabbatar.

Mayar da noti da zuba sabon mai

Noti ƙarfe ne mai tauri, jikin inji kuwa alminiyam ne mai laushi. Idan aka yi gardama tsakaninsu, jikin inji ne ke asara, kuma gyaran ramin da haƙoransa suka cinye ya fi dukan aikin tsada. Saboda haka a goge noti, a sa sabuwar washa, a fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna. Idan ya yi tauri tun daga farko, ya hau a karkace, a warware a sake. Sai bayan ya zauna za a sa sufana a ƙara masa kaɗan da ƙarfin hannu ɗaya. Ba a taka sufana da ƙafa, ba a sa mata bututu. Washar ce ke hana yoyo, ba ƙarfin ɗauri ba. An yi ta ne don ta lotse sau ɗaya, shi ya sa tsohuwa take ɗiga komai ɗaurin da aka yi mata. Babban murfin CG ya fi noti rauni, zoben roba ne ke toshe shi, ɗauri kaɗan ya ishe shi.

Yawan man da inji ke ɗauka yakan kasance a rubuce a jikinsa kusa da murfi, ko a littafi. Roba-roba galibi mililita 800 ne, wato ba ya shanye robar lita ɗaya. Boxer da CG kuwa suna kusa da lita ɗaya. Mutane da yawa suna juye robar duka don kada ragowa ta yi asara. Man da ya wuce ƙima yana kumfa, yana matsa wa robobin toshiya har su fara yoyo, wani lokaci ya bi bututun numfashi ya jiƙa matacin iska. A zuba ƙasa da adadin kaɗan, a rufe, a tayar da inji ya yi aiki a hankali minti biyu zuwa uku ba tare da murza wuta ba, a kashe, a jira minti biyu ko uku. Sannan, da babur a miƙe tsaye, a ciro sandar awo da ke jikin murfi, a goge, a mayar. A yawancin babura ana ɗora ta ne kawai a bakin ramin ba tare da an murɗa ba. Man ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama, kusa da ta sama. Wasu baburan suna da ɗan gilashi a gefen inji a maimakon sanda. A ƙarshe a leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai ɗiga, a sake dubawa washegari da safe. Ragowar man a rufe ta da kyau, ita ce ta ciko, domin ya kamata a riƙa duba sandar awo akalla sau ɗaya a mako.

Tun da hannu ya riga ya ɓaci, a buɗe matacin iska. Na soso a wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, a ɗiga masa sabon mai kaɗan a sake matsewa. Na takarda a kakkaɓe shi, in ya toshe ko ya yage a saya sabo. Sabon mai a injin da matacin iskarsa ya yage ba zai yi mako biyu na hunturu da tsabtarsa ba.

Manoman rani su lura cewa injin ban-ruwa ma wannan ƙa'ida yake bi, sai dai da awa ake lissafa masa. Irin Honda GX160 yana ɗaukar kimanin lita 0.6, ana yi masa juye na farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100. Injin da ke aiki awa biyar kullum a fadama ya cika awa 100 cikin kwana 20.

Tsohon mai

A nan ne aikin ya fi shafar gona. Tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarafa da ragowar ƙonewar fetur masu guba. Inda aka zubar da shi ƙasa takan daina shan ruwa, iri ba ya tsira da kyau, kuma a fadama inda ruwa ke kusa yana iya sauka zuwa rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juyen mota ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Kada a zuba shi a kwata, ko magudanar ban-ruwa, ko juji da za a kwashe a kai gona.

Malaman gona su ja hankalin makiyaya musamman kan al'adar shafa wa dabbobi tsohon mai don maganin ƙazuwa ko kaska ko miki. Dabba tana lashe shi, fatarta tana tsotsarsa, kaji da ƙananan dabbobi sukan mutu a dalilinsa. Akwai magungunan da aka tanada don waɗannan cututtuka, a tuntuɓi malamin dabbobi. Mutum ma kada ya bar shi ya daɗe a fatarsa; a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Haka nan ba a hura wutar girki da shi.

A juye shi da mazurari cikin jarka mai murfi, a rubuta a jikinta, a ajiye inda yara ba sa kaiwa, kuma kada a yi amfani da robar lemo ko ta ruwan sha. Idan jarka ta cika a kai wa gidan mai ko garejin da ke tara shi. Wanda ya zube a ƙasa a barbaɗa masa yashi ko garin katako, a kwashe a zuba a buhu. Inda manoma ke da ƙungiya, ana iya ajiye duro ɗaya a harabar ma'ajiyarta, kowa ya riƙa kawo nasa, a kwashe gaba ɗaya idan ya taru.